Me Ya Sa Ake Ƙara 273? Bayani Kan Ma'aunin Kelbin

Jarrabawa ta ƙarato, kuma duk wanda ya zauna ajin fiziks ko kemistiri ko darasin injina ya san umarnin nan da malamai ba sa gajiya da maimaitawa: kafin ka sa zafi cikin lissafi, ƙara masa 273. Kowa ya haddace. Matsalar ita ce hadda kaɗai tana jefa mutum cikin rami biyu. Wani ya manta bai ƙara ba a inda ya wajaba, wani kuma ya ƙara a inda ba a buƙata. Duka biyun maki suke ci. Bayan an gama makaranta kuma abin yana iya wuce maki, ya taɓa tayar mota, ko firijin allurar rigakafi, ko kuɗin manomin da ya ce ka lissafa masa farantan sola. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu warware inda 273 ɗin nan ta fito, da misalan da mu 'yan yankin Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi muke gani kullum.

Ƙa'idar kanta

Ma'aunin da muka saba ji a rediyo da asibiti shi ne Salshiyas, mai alamar °C. Wanda masana kimiyya suke lissafi da shi kuwa Kelbin ne, mai alamar K. Hanyar tsallakawa daga wannan zuwa wancan gajeriya ce:

K = °C + 273.15
°C = K − 273.15

Ruwa yana daskarewa a 0°C, wato 273.15 K. Yana tafasa a wajen 100°C a gaɓar teku, wato 373.15 K. Jikin mutum mai lafiya yana wajen 37°C, wato 310.15 K. Ranar da zafin Afrilu ya kai 42°C a Kano, a Kelbin 315.15 K ke nan. Asubahin hunturu da sanyi ya sauko 12°C kuwa, 285.15 K.

Ku lura da abu guda. Girman taki ɗaya ne a ma'aunan biyu. Idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya a Salshiyas, ya ƙaru da kelbin ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne wurin da kowanne ya ajiye sifirinsa.

Sifiri biyu

Mu ɗauki rumbu. A ce maigida ya ja layi da gawayi a jikin bangon rumbu daga ciki, can sama kusa da baki, ya ce daga nan zai riƙa auna gero. Yau gero ya wuce layin da taƙi ɗaya. Aka ƙara zubawa, ya wuce da taƙi biyu. Shin geron da ke cikin rumbu ya ninka? Ko yaro ya san bai ninka ba, domin akwai gero mai yawa a ƙasan layin wanda ba a ƙirga ba. Wanda yake son sanin ko gero ya ninka, dole ya auna daga ƙasan rumbu.

Sifirin Salshiyas shi ne layin gawayin nan. Masanin taurari ɗan ƙasar Suwidin, Anders Celsius, shi ya tsara ma'aunin a 1742 a garin Uppsala, ya jingina shi da daskarewar ruwa da tafasarsa. Abin dariya ma, a tsarinsa na farko tafasa ce 0, daskarewa kuma 100. Sai bayan rasuwarsa a 1744 aka juya shi yadda muka san shi yau. Ruwa aka zaɓa saboda yana ko'ina kuma kowa zai iya gwadawa. Amma ƙanƙara a 0°C ba ta rasa zafi ba. Akwai abin da ya fi ta sanyi nesa ba kusa ba.

Zafi a ilimin fiziks motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu. Idan abu ya yi zafi, ƙwayoyinsa suna motsi da ƙarfi. Idan ya huce, motsin yana raguwa. To akwai iyakar da motsin zafin zai kai ƙarshen ƙanƙantarsa, ba sauran abin da za a iya zarewa. Nan ne ƙasan rumbu. Shi ne 0 K, wanda ya yi daidai da −273.15°C. Ba sanyin da ya wuce wannan.

Yadda aka gano lambar

Masanan Faransa ne suka fara hango ta. Jacques Charles ya yi gwaji a wajajen 1787, Gay-Lussac kuma ya wallafa nasa a 1802, kan yadda iska ke kumbura idan ta yi zafi, ta tsuke idan ta yi sanyi. Da aka ci gaba da gyara awon, sai aka tabbatar cewa idan matsi bai canza ba, iska tana raguwa da kashi ɗaya cikin 273 na girman da take da shi a 0°C, a duk digiri ɗaya da aka sauka. Ka zana wannan a takardar giraf, za ka sami miƙaƙƙen layi. Ka ci gaba da jan layin zuwa hagu da rula, zai taɓa sifiri a wajen −273°C. A zahiri iskar za ta zama ruwa tun kafin a isa can, amma layin ya riga ya nuna inda ƙasan yake.

A 1848 William Thomson, matashin farfesa a Jami'ar Glasgow da ke Sikotland, ya kawo shawarar a yi ma'aunin da bai dogara da ruwa ko zaiba ko wani abu guda ba. An haife shi a Belfast a 1824, ya rasu a 1907. A 1892 aka ba shi sarautar Lord Kelvin, sunan wani kogi da ke wucewa ta gefen jami'ar, kuma daga nan ma'aunin ya samo sunansa.

Daga baya babban taron awo na duniya ya daidaita abin. A 1954 aka jingina ma'aunin da yanayin da ƙanƙara da ruwa da tururi ke zama tare ba tare da ɗaya ya rinjayi ɗaya ba, aka ba shi 273.16 K, wato 0.01°C. A 1967 aka cire kalmar digiri daga sunan. Daga 20 ga Mayu 2019 kuma aka daina jingina kelbin da ruwa gaba ɗaya, aka ɗaure shi da lambar Boltzmann, 1.380649 × 10⁻²³ J/K. Wannan sauyi bai taɓa lissafinmu na aji ba, 273.15 tana nan yadda take. Na kawo tarihin ne don wanda ya ci karo da 273.16 a littafi ya san daga ina ta fito, kada ya ɗauka kuskuren ɗab'i ne.

Inda ya wajaba a ƙara

Duk lissafin da za ka ninka zafi da wani abu, ko ka raba wani zafi da wani, sai da Kelbin. Ga misalai.

Na farko, taya. A ce direban da ke ɗaukar buhunan hatsi daga Ɗambatta zuwa kasuwar Dawanau ya tsaya wajen mai faci da sassafe lokacin hunturu, iskar cikin taya tana 15°C, geji ya nuna 32 psi. Da rana ta take, ga kwalta ga kaya ga gudu, iskar cikin tayar ta kai 45°C. Nawa geji zai nuna?

Wanda ya yi lissafi da Salshiyas zai ce 45 ta ninka 15 sau uku, don haka matsi ya zama 96. Da haka ne, da ba motar da za ta isa Kano da tayoyinta. A Kelbin zafin ya tashi ne daga 288 zuwa 318, ƙarin kashi 10 cikin 100 da ɗan ɗoriya. Sannan akwai tarko na biyu: shi ma geji yana da nasa layin gawayin, domin yana fara ƙirga ne daga matsin iskar da ke kewaye da mu, wanda a tudun Kano ya kai wajen 14 psi. Cikakken matsin safe shi ne 32 + 14 = 46. Ka ninka 46 da 318, ka raba da 288, ka sami 50.8. Ka cire 14 ɗin, geji zai nuna wajen 37. Ƙarin 5 psi ke nan, in muka ɗauka girman tayar bai canza ba.

Wannan ƙarin ba matsala ba ne, masu ƙera taya sun san da shi. Shi ya sa suke cewa a auna iska lokacin da taya take da sanyi. Direban da ya tsaya a hanya ya ga 37 ya sace iska ya mayar da ita 32, washegari da safe zai tashi da taya mai ƙarancin iska. Taya mai ƙarancin iska kuwa ita ce take lanƙwasa sosai a ƙarƙashin kaya, ta ɗau zafi, ta fashe.

Gargaɗi ɗaya a nan. Kada a ɗauki wannan lissafi a kai shi kan tukunyar gas ta girki. Abin da ke cikinta ruwa ne da tururinsa a sama, kuma matsinsa yana tashi da zafi fiye da yadda dokar iska ta faɗa. Dalilin da ya sa ba a cika ta maƙil ke nan, ake barin wajen kashi 20 cikin 100 a sarari, kuma ba a ajiye ta a rana.

Na biyu, kwanon rufi. Kowa ya san bambancin kwana a ɗakin soro da kwana a ɗakin kwano marar silin lokacin bazara. Hucin da abu mai zafi ke fitarwa yana bin dokar Stefan da Boltzmann, ta 1879 da 1884, wadda ta ce hucin yana tafiya da T × T × T × T. A ce kwano yana 20°C da asuba, ya kai 70°C da azahar. Da Salshiyas, 70 a raba da 20 ya ba da 3.5, in aka ninka shi haka sai a sami 150. Wai huci ya ninka sau 150, ai da tuni mutanen gidan sun gasu. Da Kelbin, 343 a raba da 293 ya ba da 1.17, sakamakon ƙarshe kuma wajen 1.9. Hucin ya kusa ninkawa sau biyu. Wannan ya yi daidai da abin da jiki ke ji: da zafi ƙwarai, amma ana rayuwa.

Na uku, ban ruwa. 'Yan sashen aikin gona da injiniyancin ruwa, da 'yan uwanmu na Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta, sun san lissafin Penman-Monteith da hukumar abinci ta duniya, FAO, ta fitar a littafinta mai lamba 56 a 1998. Da shi ake ƙiyasta ruwan da rana da iska ke ɗauke wa gona kullum. Ka duba cikinsa da kyau za ka ga 900 a kan T + 273. An riga an saka maka juyawar a ciki. Abin da ake so ka shigar a wurin T shi ne Salshiyas. Wanda ya juya zuwa Kelbin da kansa sannan ya shigar, ya ƙara 273 sau biyu, kuma ruwan da zai lissafa wa mai alkama ko tumatir a bakin madatsar Tomas ko Watari zai fito ba daidai ba. Don haka kafin ka ƙara komai, karanta dokar ka ga ko an riga an ƙara.

Inda ba a ƙarawa

Idan abin da ake nema bambanci ne tsakanin zafi biyu, to 273 ba ta da aiki. Daga 25°C zuwa 65°C tazarar 40 ce. Daga 298 K zuwa 338 K ma 40 ce. Tazarar 40°C daidai take da tazarar 40 K.

Nan ne wasu suke faɗawa rami na biyu. Farantin sola da ake ɗora wa famfon ban ruwa, ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne lokacin da farantin yake 25°C. Yawancinsu suna rasa wajen kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 na ƙarfinsu a duk digiri ɗaya da suka haura hakan. Wani kamfani zai rubuta %/°C, wani ya rubuta %/K, duk abu ɗaya suke nufi. A ce farantin wat 300 ne, yana rasa 0.4, kuma ranar Afrilu ta gasa shi ya kai 65°C. Tazara 40, a ninka da 0.4, an rasa kashi 16 cikin 100, wato wat 48. Saura wat 252. Wanda ya ga K ya ruɗe ya ƙara 273 a kan 40 zai sami 313, lissafinsa ya ce farantin ya rasa kashi 125 cikin 100 na ƙarfinsa. Abu ba ya rasa fiye da abin da yake da shi. Shi kuma wanda bai yi lissafin zafin ba sam, ya sayo faranti daidai wa daida, zai bar manomi da famfon da ke yin kasala a watan da shuka ta fi jin ƙishirwa.

Haka yake a lissafin dumama ruwa. Ruwa yana buƙatar 4.18 kJ don kilo ɗaya ya ƙara kelbin ɗaya. Lita 10 daga 25°C zuwa 100°C: 10 × 4.18 × 75 = 3,135 kJ. Akwai K a cikin ma'aunin, amma 75 ɗin tazara ce, ba a taɓa ta.

Misalin da ya haɗa duka biyun shi ne firiji. Yawancin alluran rigakafin da ake kaiwa ƙananan asibitocin karkara ana ajiye su tsakanin 2°C da 8°C. Iyakar ƙwazon da firiji zai iya yi, bisa tunanin da Sadi Carnot ya fara shimfiɗawa a 1824, shi ne zafin ciki a raba da tazarar da ke tsakanin waje da ciki. A ce ciki 5°C ne, wato 278 K. Idan ɗakin yana 25°C, tazara 20, sakamako 13.9. Idan ɗakin ya kai 40°C, tazara 35, sakamako 7.9. Lambar sama dole ta zama Kelbin, ta ƙasa kuwa tazara ce, ko da Salshiyas ko da Kelbin aka ɗauko ta. Firiji na gaske ba ya kaiwa ko kusa da waɗannan lambobi, amma darasin a fili yake: a ɗaki mai zafi firiji yana shan wuta da yawa kafin ya yi aikin da yake yi cikin sauƙi a ɗaki mai sanyi. Wanda aka ba aikin girka irin wannan firiji sai ya nema masa inuwa da wurin da iska ke ratsawa.

Idan Faranhait aka ba ka

Wasu tamomitocin da ake sayarwa a kemis, da wasu na'urorin ƙyanƙyasar ƙwai, da Faranhait suke nuna zafi, ma'aunin da Amurka ke amfani da shi har yau. Taki biyu za ka yi. Ka cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9, ka sami Salshiyas. Sannan ka ƙara 273.15. Na'urar ƙyanƙyasa da ta nuna 99.5°F: 99.5 − 32 = 67.5, a ninka da 5 a raba da 9 ya ba da 37.5°C, wato 310.65 K. Kada ka ƙara 273 kai tsaye a kan Faranhait, domin girman takinsa daban ne.

Kelbin a kasuwa

Wani zai ce ai Kelbin a aji kawai ake ganinsa. Ka ɗauki kwalin ƙwan lantarki irin na LED a kowane shago ka duba, za ka ga 3000K ko 6500K. Wannan ba zafin ƙwan ba ne, launin haskensa ake nufi. Ka tuna maƙera: ƙarfe yana fara yin ja a wuta, ya koma ruwan lemo, in zafi ya ƙaru ya doshi fari. Lambar da ke kan kwalin tana cewa hasken ya yi kama da wanda abu zai fitar in an gasa shi ya kai wannan zafin. Shi ya sa 3000K yake bayar da haske mai ɗan rawaya, 6500K kuma fari fat mai ɗan shuɗi. Fuskar rana kanta tana wajen 5,800 K.

A ɗaya ɓangaren kuma, ruwan naitirojin da ake adana maniyyin bijimai a cikinsa don barbarar zamani, a wurare irin su cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, yana tafasa a 77 K. Ka cire 273, ka sami −196°C. Sararin samaniya can nesa da taurari yana wajen 2.7 K. A ɗakunan gwaji an sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na kelbin guda, amma ba wanda ya taɓa taka sifirin kansa, kuma dokokin fiziks sun ce ba za a taka ba.

Abin kiyayewa a takardar amsa

Ba a sa alamar digiri a gaban K. A rubuta 310 K, ba 310°K ba. Idan amsarka ta Kelbin ta fito da alamar ragi, koma ka duba, akwai kuskure, domin ba abin da ke ƙasa da ƙasan rumbu. Wajen juya zafin da ke ƙasa da sifiri a kula da alama: −10°C shi ne 263.15 K, ba 283.15 K ba. Game da 273 ko 273.15 kuwa, ka bi yadda tambaya ta zo. Idan an ba ka 27°C, to 300 K ta wadatar. Idan an ba ka 27.35°C, yi amfani da 273.15 ka sami 300.50 K. In malami ya faɗi wadda yake so, shi ke nan, tasa za a bi.

Kafin ka taɓa kalkuleta, ka yi wa kanka tambaya ɗaya: wannan lambar zafin abu ce, ko tazara ce tsakanin zafi biyu? In zafin abu ce kuma za a ninka ko a raba da ita, ƙara 273. In tazara ce, bar ta yadda take. Bayan ka gama kuma, ka dubi amsar da idon mutumin ƙauye. Taya ba ta ninka iska sau uku don rana ta fito, faranti ba ya rasa fiye da ƙarfinsa.

Ga guda uku ku gwada a hostel. Ɗaya: juya 38.5°C zuwa Kelbin. Biyu: an rufe durom ɗin da ba komai cikinsa sai iska da safe a 17°C, cikakken matsinsa 96 kPa, aka bar shi a rana ya kai 57°C, nawa matsin ya zama? Uku: kilo 5 na ruwa ya huce daga 80°C zuwa 30°C, zafi nawa ya fitar? Amsoshin su ne 311.65 K, da wajen 109 kPa, da 1,045 kJ. Wanda nasa bai zo daidai ba, ya duba ko ya manta da 273 a ta biyu, ko ya cusa ta a ta uku.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa abin da muka koya ya amfani mutanen da muka baro a gida.